Buhunan da Kawu Ya Raba wa Gari

Wanda ya ba mu aron Kawu ya karɓi abinsa ranar Talata da hantsi, muka kai shi makwancinsa bayan azahar. Yau kwana goma sha biyu ke nan. Ina rubuta wannan don kada a manta da shi, kuma don akwai abin da ya tsaya mini a rai wanda na kasa faɗa a wurin zaman makoki. Ni ba marubuci ba ne. Firamare kawai na gama, sana'ata kuwa ɗinkin bakin buhu a kasuwar hatsi ta Jibiya. In na yi kuskure a wata magana, ba da niyya ba ne. Allah ya tsare ni da ɗora wa mamaci abin da bai yi ba.

Kawu wan mahaifiyata ne. Mutanen da suka zo ta'aziyyarsa ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Wani ya zauna ya shafa fatiha ya ce, "Allah ya jiƙan mai laburare." Na kusa da shi ya sunkuyo ya ce a hankali, "Ai kuwa an ce shi ne sanadin rufe shi." Wata tsohuwa mai fura ta tsaya daga bakin zaure tana share ido da gefen mayafi, ta ce a wurinsa ɗiyarta ta fara haɗa baƙi, yanzu ga ta tana aikin asibiti. Wani mai babur kuma ya tambaya da gaskiyarsa, "Wai dama kangon can na hanyar iyaka laburare ne? Ni na ɗauka tsohon ofishin awo ne." Ni dai ina gefen tabarma ina amsa amin ga kowa, ban san wanda zan gaskata ba. Har yanzu ban gama sani ba.

Kafin a yi masa salla, Liman ya yi sanarwar da aka saba: duk mai wani haƙƙi a kan mamaci, ko wanda mamaci ya ba wata ajiya, ya sanar da magada. Na sha jin wannan sanarwa, yawanci ba wanda ke motsi. Ran nan kuwa sai na ga mutane na juyawa suna kallon juna a cikin sahu. Na san abin da suke tunawa.

Washegari da safe buhun farko ya iso. Wani dattijon manomi ne daga Riko ya ɗauro shi a bayan babur, ya sauke a zaure da hannu biyu kamar mai sauke ƙwai.

"Ga ajiyar marigayi," in ji shi. "Yadda ya ba ni haka na kawo. Ko zare guda ban taɓa ba."

Babban ɗan Kawu, wanda taubashina ne, ya latsa buhun da yatsa. "Gero ne, Baba?"

"Takardu ne."

Kafin addu'ar uku, buhuna sun jeru a jikin bangon zaure har sun tare hanyar shiga gida. Taubashi ya jawo ni gefe ya ce, "Kai ɗan mace, kai ne sarkin buhu. Me tsohon nan ya bar mana haka? Mutane na gadon shanu, mu mun gaji takarda?"

Ban iya yi masa dariya ba. Kowane mai ɗinkin buhu yana da hannunsa, kuma yana gane shi ko a cikin dubu. Ni ina ninka zare a kunnuwan buhu, in mayar da ƙulli ciki. Duk buhunan nan ɗinkina ne. Damina biyu da suka wuce na ɗinke su, ga su sun dawo ba a sa musu wuƙa ba.

Sai na koma baya kaɗan, don wanda bai san Kawu ba ya gane.

Masinja ne a ɗakin karatu na gari, wanda muke ce wa laburare. Dogon ɗaki ne guda ɗaya a gefen hanyar da ta nufi iyaka, da bishiyar bedi a ƙofarsa. Ba Kawu ne shugaba ba, akwai ma'aikacin da ake turowa. Nasa shi ne buɗewa, da shara, da kaɗe ƙura. Da girmansa ya koyi boko a ajin yaƙi da jahilci, saboda haka har ya rasu da yatsa yake bin layi, leɓensa na motsi. Amma ban taɓa ganin wanda ya san inda kowane littafi yake kwana kamarsa ba.

Gaisuwarsa daban ce. Bayan sallama, kafin ya tambaye ka gida ko gajiya, sai ya ce, "Ina ka tsaya?" Yana nufin a littafin da ka ara. In ka ce ba ka fara ba, sai ya ce, "To, ai shi ma wuri ne." In ka yi masa ƙarya ka ce ka gama, sai ya tambaye ka abin da ya faru da wane a ƙarshe, ya tsaya yana kallonka har ka yi dariya da kanka.

Idan littafi ya yage, ƙaro yake jiƙawa ya liƙe shi, ya yi masa baya da ƙyalle. Ƙyallen kuwa daga zannuwan matarsa yake yankowa, wadda muke kira Inna. Sun sha yin faɗa a kan haka. Ta taɓa ce masa a gabana, "Malam, in ka ga na fita unguwa da zane iya gwiwa, ka san aikinka ne." Ya ce, "Bakin kawai na rage, ba ya ƙara miki komai." Duk littafin da ka gani a laburaren nan da bayan atamfa, zanen Inna ne.

Ni kaina na daɗe ina wucewa ta ƙofar ba na shiga, don kullum jikina da ƙaiƙayin gero, ina ganin wurin na masu farar riga ne. Wata rana ya kama hannuna a bakin ƙofa ya ce, "Shigo da ƙurarka. In ba ku kawo ta ba, me zan share?"

Lokacin da aka rufe iyaka, manyan motoci suka yi layi, direbobi suka rasa abin yi sai zaman inuwa. Kawu ya sa randa a ƙofar laburare, ya riƙa kiran su. Wanda bai iya karatu ba, ya karanta masa da ƙarfi. Na Nijar da suka yi lakwal, wato makarantarsu ta can, ya tono musu wasu 'yan littattafan Faransanci da ba wanda ya taɓa nema. Na ga ƙaton direba zaune a benci, ya cire hula, yana karanta littafin yara mai hoton giwa, Kawu na tsaye a kansa yana cewa, "To, me ta ce?"

Daga baya ma'aikacin ya yi ritaya, ba a turo wani ba. Kawu ma ya yi ritaya, amma mabuɗi ya zauna a aljihunsa don ba wanda ya zo karɓa. Sau uku yana kai shi ofis, ana ce masa, "Riƙe dai, Baba." Sai jita-jita ta fara yawo. Wasu suka ce za a yanka ginin a yi shaguna, tunda yana bakin hanya. Wasu suka ce rumbun kaya za a mayar da shi. A nan ne Kawu ya tara mutane aka kafa kwamiti: shi, da amininsa tsohon Hedimasta, da Liman, da wata malamar makaranta, da shugaban direbobi. Ni ma an sa ni, ba don na iya magana ba, sai don ina zuwa kan lokaci.

Abin da kwamiti ke nema bai da yawa: a gyara rufi, sannan ko dai a turo ma'aikaci, ko a miƙa wa mutanen gari riƙon wurin a rubuce. Hedimasta ke rubuta takardar koke da Turanci, Kawu ke kai ta. In ya dawo muka ce yaya, sai ya ce, "Sun ce suna dubawa. Allah ya ƙara musu gani."

Amma ko a cikin kwamitin, su biyun ba su taɓa daidaita kan abu ɗaya ba. Hedimasta ya ce laburare na hukuma ne, namu shi ne mu matsa mata ta yi aikinta. Kawu ya ce na masu karatu ne, hukuma riƙo kawai take yi. Ni kuwa duk wanda ya yi magana a ƙarshe sai in ga shi ke da gaskiya. In na koma gida sai in rasa wanne na yarda da shi. Duk da haka, kullum da yamma a kwano ɗaya suke cin tuwo a zauren Kawu, suna gardama da loma a baki. Haka na taso na same su.

Ruwan farko na waccan damina ya zo da iska, ta ɗauke kwanon rufi uku. Da safe Kawu ya same ni a kasuwa, rigarsa jiƙe har gwiwa.

"Kawo buhuna," ya ce. "Masu kyau, ba na taki ba."

"Guda nawa, Kawu?"

"Duk abin da kake da shi. Ka ɗauko basillarka."

Muna cikin zuba littattafai a buhu sai ga Hedimasta da lema a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa.

"Me kake yi haka?"

"Kwashe su nake kafin su zama kunu."

"Da izinin wa?"

"Da izinin ruwan sama."

"Ka bar su su jiƙe! Bari a zo a gani da ido. Ɗaki cike da littattafai jiƙaƙƙu abin kunya ne ga hukuma, dole ta gyara. Ɗakin da babu komai kuwa shago ne mai jiran ɗan haya."

"Kai ka iya tsayawa ka ga littafi na shan ruwa don wani ya ji kunya. Ni ban iya ba."

"Ba naka ba ne, malam! Masinja ne kai, ba mai shi ba."

 Ina tsugune da basilla a hannu, su duka biyun suka juyo suna kallona. Na so ƙasa ta buɗe. Kawu ya ce, "Ɗinka." Na ɗinka. Buhu ashirin da bakwai.

Kwana uku muna rabo. Na cikin gari a kurar masu dako, na Riko da Bugaje a babur, ɗaya kuma wani direban Maraɗi ya tafi da shi. Kawu ne ya zaɓi gidajen, masu rufi mai kyau kuma masu yara. Bai rubuta ko suna ɗaya ba, ya ce kansa ya isa. A kowane gida magana ɗaya yake yi, kuma da kunnena na ji: "Ga ajiya. Ku buɗe ku karanta, yara su karanta. Ran da aka gyara rufi zan aiko." Su kuma su ce, "To, Baba."

Yanzu na gane yadda suka ji maganar. Sun ɗauke ta kamar bisimillar da ake yi wa mai wucewa in ana cin abinci: ka ce alhamdu lillahi, ka wuce, ba ka zauna ka sa hannu ba. A wurinmu ba a buɗe ajiya. Mutumin kirki shi ne wanda ya mayar maka da abinka yadda ka ba shi.

Ga abin da ke damuna na farko. In Kawu na so a karanta, me ya sa ya ce in ɗinka? In kuwa shi bai yi tunani ba, ni me ya hana ni ɗaure bakin da igiya kawai? Wanda ya ga igiya zai iya kwancewa ya leƙa. Amma hannuna ya yi abin da ya saba, na yi ɗinki mai ƙarfi irin na hatsin da zai tsallaka iyaka. Wa zai sa wuƙa a irin wannan ɗinki a kayan da ba nasa ba? Na juya wannan a raina har na gaji.

Sati biyu bayan rabon, sai ga jami'in dubawa ya iso ba sanarwa. Zuwan da aka shekara da shekaru ana roƙo. Ya tarar da kantoci ba komai a kansu. Kawu ya yi masa bayani, mutumin ya gyaɗa kai cikin ladabi, ya rubuta abin da ya gani. Ba da daɗewa ba aka zo aka sa sabon kwaɗo a ƙofa. Muka ji cewa takarda ta ce ba littattafai, ba masu karatu, saboda haka za a duba wani amfanin da ginin zai yi.

Hedimasta ya tare Kawu a ƙofar masallaci bayan la'asar, a gaban mutane, ya ce, "Shekaru muna kiran su, ran da suka zo ka nuna musu kango. Kai ka rufe laburaren nan, ba su ba."

Kawu ya sa takalmansa ya tafi. Daga ranar, sallama kaɗai ke haɗa su, ita ma don kada su shiga zunubin gaba. Inna ta ci gaba da zuba tuwon mutum biyu na wasu kwanaki, sannan ta daina.

Kawu bai daina zuwa laburare ba. Kowace safiya ya share gaban ƙofar da ke kulle, ya zauna a ƙarƙashin bedi da tsohon mabuɗin da ba ya buɗe komai. Takardun koke kuma suka koma Hausa, yana faɗa ina rubutawa, tunda mai Turancin ya janye.

Yanzu sai nawa laifin. Ni ma ya ba ni buhu ɗaya. Na ajiye shi shekara guda ban taɓa ba. Wata rana da ba kasuwa na sa wuƙa na buɗe kamar ɓarawo, duk da na ji izinin da kunnena. A sama na samu wani littafin Hausa mai bayan atamfa. Bangonsa ya daɗe da cirewa, ban san sunansa ba. Labarin wani mutum ne da ya bi kogi da ƙafa don ya ga inda ya ƙare. Na riƙa karanta shafi ɗaya ko biyu bayan la'asar. Na kusa ƙarshe, mutumin ya fara jin ƙanshin wani ruwa daban a iska, sai aka yi sallama a waje. Na ajiye littafin a tabarma na fita. Da na dawo, akuyar matata na tsaye a kansa tana tauna. Ta baya ta fara.

Na zauna da ragowar a hannu na rasa inda zan sa kaina. Kayan jama'a, da aka ba Kawu riƙo, shi kuma ya ba ni. Na je har Katsina neman irinsa, amma ta yaya za ka nemi littafin da ba ka san sunansa ba? Sai na fara gudun Kawu. Na canja hanyar kasuwa, ina zagayawa ta bayan tasha don kada in bi ta bedi. Na san abin da zai tambaya. Ba zan iya yi masa ƙarya ba, ba zan iya faɗa masa gaskiya ba. Wata huɗu ina haka. Da ciwo ya kwantar da shi, bakinsa ya daina fitar da magana, na je dubiya a cikin ayari na tsaya daga baya. Ya hango ni, ya ɗaga gira. Na san tambayar. Na ce, "Allah ya ba ka lafiya, Kawu," na fita. Ganina da shi na ƙarshe ke nan yana da rai.

A rana ta biyar ta makoki direban Maraɗi ya iso da nasa buhun a kafaɗa. Ya ce 'yan duwan, masu binciken kaya na can, sun so su soka masa ƙarfen da suke gwada hatsi da shi. "Na ce masu wanga buhu ba hatsi ba ne, ajiyar mamaci ce. In kuna sukar wani abu ku soke ni. Babbansu ya ce mi ke ciki? Na ce ilimi. Ya ce wuce." Mutane suka yi dariya, shi kuma ya zauna ya fashe da kuka. Na duba bakin buhun. Ɗinkina na nan.

Taubashi ya ce, "To ni dai a fitar mini da su daga zaure, baƙi na zaune a rana. In ba mai so, masu tsire na neman takardar naɗi."

Na ce, "Ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Wasa nake, ɗan mace. Kai komai sai ka ɗora a ka."

Gaskiyarsa ce, na ɗora. Na samu Liman shi kaɗai na ce, "Malam, ba gado nake tambaya ba, na san ba gado ba ne. Kawu ya ɗauki kayan da ba nasa ba, ba da izini ba, ni na ɗinke, kuma sanadin haka aka kulle wurin. Yana wuyansa?"

Ya ce, "Kayan na wa ne?"

"Hedimasta ya ce na hukuma. Kawu ya ce na jama'a."

"Kai fa?"

"Ban sani ba, Malam. Shi ya sa na zo."

Ya ce, "Hukuma tana nesa. Jama'a kuwa ga su cike da ƙofar gida. Mu fara da na kusa."

Ranar bakwai, bayan an shafa addu'a, Liman ya miƙe ya yi bayanin komai, ya ce in akwai haƙƙin mutanen gari a kan marigayi game da littattafan nan, yana roƙa masa gafara. Aka amsa gaba ɗaya, "Mun yafe!" Na fara jin numfashina ya sauka. Sai wata murya daga can ƙarshen tabarma ta ce, "Ni ban yafe ba."

Hedimasta ne. Kullum yana zuwa makokin, ya zauna nesa, ba ya yi wa kowa magana. Taubashi ya yunƙura zai tashi.

"Zauna, ɗana," in ji shi. "Ban yafe ba sai an kwance su. Ku da kuka kawo, ya ce muku ku karanta ko bai ce ba?"

Dattijon Riko ya ce, "Ya ce, Malam. Amma ai ajiya ce. Wa ke buɗe ajiya?"

"Damina biyu! Ni na ce a bar wa ruwa, shi ya ce a'a a ba mutane. Mu je mu ga abin da mutane suka yi."

Aka ɗauki buhunan a kafaɗu, aka bi hanyar iyaka da su a jere, kamar yadda muka ɗauki mai su sati guda kafin nan. Aka sauke a ƙarƙashin bedi, gaban ƙofar da ke kulle. Aka miƙo mini wuƙa. Ɗinkina ne, ni zan farke.

Waɗanda aka rataye a sama sun fito lafiya, sai warin rufi. Na direban Maraɗi ko ƙura babu, a bayan kujerar motarsa yake yawo da shi. Amma waɗanda aka jingine a ƙasa, gara ta shiga ta gindi. Da na farke na dattijon Riko, rabinsa ya zubo kamar dusa. Tsohon ya durƙusa yana tattara garin takarda da tafin hannu yana cewa, "Wallahi don in kiyaye ne. A ɗakina yake kwana. Wallahi don in kiyaye ne." 

Hedimasta ya tsuguna ya zaro wani littafi mai bayan atamfa, ya daɗe yana shafa ƙyallen da babban yatsa. Ya ce, "Da an bi tawa, da duka sun zama haka." Ya dubi kwaɗon da ke ƙofar. "Da an bi tawa kuma, da ƙofar nan a buɗe take. Ban sani ba. Na yafe. Shi ma ya yafe mini, in ana yafewa daga can."

Tun ranar, Hedimasta ke fito da littattafan kowace safiya ya baza a tabarma a ƙarƙashin bedi, da yamma a mayar zaurensa. Kwamiti ya sake zama, an rubuta sabuwar takarda, da Turanci da Hausa, ana roƙon a dawo a sake dubawa. Wasu na cewa an riga an gama maganar shaguna. Wasu na cewa ba a gama ba. Ni ban san wanne ne gaskiya ba.

Da yammacin ranar bakwai ɗin na shiga wurin Inna, tana zaune a ɗakin takaba. Na ajiye nawa buhun a ƙofa, na fito da littafin.

"Inna, akwai abin da na ɓoye."

"Na akuya?"

Na ɗago kai na dube ta.

"Matarka ta faɗa mini tun a satin. Na faɗa masa. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce buhu ashirin da bakwai, gida ɗaya aka samu masu karatu, kuma har su biyu, kai da akuya."

"Dama ya san sauran ba su buɗe ba?"

"Ya sani. Yana zagayawa gaisuwa, a fito masa da buhu a nuna masa, ya dubi ɗinkin, ya sa albarka, ya dawo gida ya ƙi cin abinci."

"To me ya hana shi ya ce su buɗe?"

"Na tambaye shi. Ya ce mutum na nuna maka yadda ya riƙe maka amana, fuskarsa cike da fara'a, da wane baki za ka ce masa ya yi kuskure?" Ta gyara mayafinta. "Ya ce in ka zo zai faɗa maka ƙarshen labarin. Kullum bayan la'asar sai ya ce a shimfiɗa tabarma biyu."

Ita ba ta san ƙarshen ba. Washegari na kai littafin ƙarƙashin bedi na nuna wa Hedimasta. Ya ce ya tuna shi sarai, mutumin ya isa teku. Liman na zaune a gefe, ya ce a'a, shi ma ya karanta shi da daɗewa, mutumin ya juyo gida bai kai ba. Suka fara gardama. Na bar su suna yi. Wanda ya san gaskiyar ya jira ni wata huɗu.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta sa na ɗauki biro. Ashirin da biyar sun dawo a ɗinke. Nawa ya cika ashirin da shida. Ɗaya bai dawo ba. Na tuna gidan, a wani ƙauye ne wajen Bugaje, amma mutanen sun tashi lokacin da zaman can ya gagara. Wasu sun ce sun tsallaka Nijar, wasu sun ce Katsina suka nufa. Liman ya ce wannan ba ya wuyan Kawu, kuma ba ya wuyana. Ina yarda da safe, zuwa azahar sai in sake tambayar kaina.

Allah ya yalwata wa Kawu makwancinsa, ya sauke masa duk nauyin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya karɓi niyyarsa a inda aikinsa bai kai ba.

Kai kuma da buhun yake wurinka, in wannan takarda ta same ka ko wani ya karanta maka: farin buhun gero ne, zare ninki biyu a kunnuwa, ƙullin yana ciki. Na san ka gudu da shi ka bar wasu kayanka, Allah ya saka maka. Mai ajiyar ya rasu, kuma ni shaida ne ya ba ka izini tun ranar farko. Ka sa wuƙa a kunnen hagu, zaren zai zare gaba ɗaya. Kada ka kawo mana shi a ɗinke. Muna ƙarƙashin bedi, kuma in ka zo, bayan sallama, za a tambaye ka inda ka tsaya.